Yadda Na Ba da Hannun Farko Na Karɓi Tozali

Shekaranjiya Isuhu ɗan ƙanena ya zo da abokinsa Alu, sunka tarar da ni ƙofar gida ina tufkar igiya. Wai sun ga wani kare can wajen Keita, ya kama barewa gaban idon mutane, mai shi kuwa ya ce in sun ba shi 'yan kwikwiyonsu uku zai bar musu shi. Sun zo in sa albarka. Isuhu ya ce, "Baba Nomau, ina wuyar farauta? Ka samu kare mai gudu, ka sake shi, ka bi bayanai da wuƙa." Na ce su zauna. Sunka ce rana na yi, sunka wuce. To, tunda ba su da lokacin saurare, na sa a takarda da ɗan karatun da nike da shi. Wanda ya iya ya karanta musu.

Aikin farko da Baba Arzika ya ba ni, cire ƙarangiya ne. Baba Arzika wan ubana ne, shi ne sarkin farautar garinmu, nan kusa da Allakai. Shekara biyu ina gidansa ban saki kare ko ɗaya ba. In an dawo daga daji in zauna in ɗauki ƙafar kowane kare, in buɗe tsakanin yatsu, in zare ƙaya da tsinke. In jiƙa bagaruwa in tsoma musu tafin ƙafa, don duwatsun fakon nan namu yanka suke kamar aska, karen da tafinsa bai yi tauri ba kwana uku ya gama aiki. In dama musu hura da nono, ba mai tsami ƙwarai ba. Ranar da na ba su ruwa suna cikin haki, ɗaya ya kumbura, Baba Arzika ya ɗauki gora ya nuna mini inda kuskurena yake. Ban sake ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowane da ranarsa. Kere na jifan zomo da zabo, na icen aduwa, a gasa shi a wuta a lanƙwasa. Gora ta dogarawa da ta rabon faɗa, don ba a gama babbar farauta ba a yi faɗa kan nama ba. Barandami. Wuƙar yanka, wadda ba a taɓa komi da ita sai wuyan dabba. Salkar ruwa, burgami na zuba kaya, igiyar kaba ta riƙe karnuka bibbiyu. Kuma da bisimilla ake sakin kare, duk saurin da kake yi. Kare kuwa sai wanda ya san ya riƙe bai ci ba. Wannan kaɗai wata shida ake koya masa: ka yanka, ka feɗe, ka ba shi kayan ciki daga hannunka, har ya gane rabonsa daga hannunka yake fitowa, ba daga bakinsa ba.

Masu jiranmu ma na da yawa a wancan zamani. Mahautan Madawa na son barewa da gada. Dukawa na son fatar, in ba kare ya yayyaga ta ba. Manoma na kiranmu in dila ta dame su da 'yan awaki, ko gyado, aladen daji, ya shiga fadama, su sallame mu da dammunan hatsi. Wani lokaci gardi, dogarin Nasara, ya zo daga bariki ya ce kumandan, Baturen mulki, na da baƙi, a kawo nama. Wannan ba ya sallamar kowa da komi, amma ba a ce masa a'a.

Abin da Isuhu bai sani ba, gudu ba shi ne farauta ba. Barewa ta fi kowane kare gudu. Sai dai ba ta gudu miƙe, kewaye take, tana neman komawa inda ta taso. Karnuka tara na iya bin wutsiyarta har azahar su dawo da harshe a ƙasa. Sai da karen gaba. Shi ba ya bin wutsiya. Kunnenta yake kallo da kafaɗarta, ya san inda za ta karya tun ita ba ta karya ba, ya yanke ya jira ta can. Sauran karnukan shi suke kallo: ya yi dama su matsa hagu, ya rage gudu su buɗe. In akwai shi, karnuka huɗu sun isa. In babu shi, ashirin ma taron haushi ne. Irinsa kuwa cikin ƙasar nan duka, daga Buza har Keita, ban taɓa sanin sun wuce uku a lokaci ɗaya ba.

Inda gidanmu ke samun karnuka, wurin wani Buzu ne, Agali, mai zama da raƙumansa arewa da mu. Yana da karya siririya, ja, mai dogayen ƙafafu, irin tasu ta asali. Su ba su sayar da kare, abin kunya ne wurinsu. Amma tun zamanin ubansa, da Baba Arzika ya taɓa fid da uban daga rijiyar da ta rufta, anka ba gidanmu abin da muke kira hannun farko. Duk shekarar da karyar gidansu ta haihu, mu ke fara zaɓe, kafin kowa ya sa hannu, tun 'ya'yan ba su buɗe ido ba. Baba Arzika ya koya mini zaɓen. Ka ɗaga kwikwiyo ta ƙeya ka ga ko zai yi kuka. Ka buɗe baki ka duba ko dasashin baƙi ne. Ka kwashe su duka ka aje nesa, ka ga wanda uwar za ta fara ɗauka. Duk da haka ya ce mini, "Nomau, wanga abu rabinai sani na, rabinai sa'a. Cikin ukku in ɗaya ya yi, ka gode Allah." Kuma mu maza muke ɗauka kullum. Karya na ɓata wata huɗu a shekara da ciki da goyo, mu kuwa aiki muke so. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Shekarar fara ta same ni da karnuka tara, Baba Arzika ya tsufa ya bar mini gora da sarautar dawa. Fara ta sauka hatsi na cikin fidda kai, kwana biyu ta bar kara tsaye ba komi. Kafin bazara mutane na tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Mutumin da ɗiyansa ke kwana da yunwa ba ya dama wa kare hura. Biyu sunka mutu. Biyu sunka bi wasu matafiya. Karen gabanmu, Duna, ƙishirwa da tsufa sunka kashe shi kan hanyar dawowa daga Maggiya. Na rage da huɗu, duk 'yan shekara ɗaya da rabi, masu ƙafa, marasa kai. Damina ta gaba ma ba ta yi kirki ba. Gidana mutum goma sha ɗaya, har da Baba Arzika da matar ƙanena da anka tafi da mijinta aikin hanya. Barewa na nan a dabagi, dajin da ba a nomawa, ina ganinta da idona. Sau bakwai na fita da karnukan nan, zomo biyu na kawo.

A babbar farautar bayan kaka na ga Tozali. Garuruwa biyar sunka taru da ganguna. Karen Ɗan Baro ne, wani mafarauci na wajen Babankatami, gajere, mai yawan dariya. Anka sa wa karen Tozali don baƙin da ya kewaye idonsa. Barewa ta tashi, karnuka wajen arba'in sunka bi ta. Tozali kaɗai ya bar su ya nufi wata ƙorama da ba kowa. Mutane na ihu wai kare ya ɓata. Can sai ga barewa ta karyo ta faɗo masa kamar an aiko ta. Ranar sau uku ya yi haka.

Bayan kwana biyu na je gidan Ɗan Baro. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "A'a, Sarkin Dawa da kansa! Ko zomayen Allakai sun ƙare?"

Na ce, "Ba wasa ya kawo ni ba. Tozali nike so."

"Kowa na so nai. Sarkin garinmu ya aiko da goɗiya, na maida."

"Mi kake so?"

Ya sosa wa karen kunne. Sannan ya ce, "Hannunku na gidan Agali. Haihuwa ukku."

Na ce biyu. Ya ce, "Ukku, Nomau. Kai ka zo da ƙafarka, ni ban aika ba." Na buɗe bakin Tozali, haƙora sun fara cinyewa, ya kai shekara biyar. Ɗan Baro bai ɓoye ba. Ya ce, "Rani ukku ya rage mai, in Allah ya kiyaye huɗu. Ni ba ni yi maka ƙarya. Kai kana son nama bana, ni ina iya jira." Munka tafa hannu gaban mutum biyu, na ɗaura masa igiya na jawo shi.

Baba Arzika na zaune gindin rumbu da na shigo. Idonsa ya riga ya yi hazo, sai ya shafa karen tun daga kai har wutsiya. Ya ce, "Kare na, babu shakka. Mi ka ba da?" Na faɗa masa. Ya ce, "Abin da anka ba ka don zumunci shi ka kai kasuwa?" Na ce, "Baba, kwikwiyon da ba a haifa ba ba ya ci da gidan ga bana. Ko an haife shi gobe, sai ya shekara biyu. Kai ka ce cikin ukku ɗaya ka yi." Ya ce, "Ni na ce."

Zan faɗi gaskiya, don kada a ce tsoho ya ɓoye rabin labari. Rani biyu Tozali ya yi abin da na sayo shi dominsa, har ya wuce. Fitarmu ta farko, gabas da gari, kafin hantsi ya ba ni barewa biyu. Karnukana huɗu da ba su san komi ba sunka zama kamar an sake su sabbi, don yanzu akwai wanda za su kalla. Nama ya tafi Madawa, hatsi ya dawo bisa jaki. Gidana ba a fid da gawa ba a shekarun nan biyu, maƙwabtana kuwa an fitar. A babbar farauta makaɗa sunka bar kowa sunka bi ni. Duk wanda ya ce musayar nan wauta ce tun daga farko, bai ga cikin ɗiyana ba a wancan rani.

Kuskurena na cikin daɗin nan, ban gan shi ba. Ƙa'idar Baba Arzika, duk fita ta uku a ɗaure karen gaba a gida, a bar matasa su yi ta ɓata har ɗaya ya fara duban kunnen barewa. Ranar ba a samun nama, amma haka ake yin magaji. Ni ban ɗaure Tozali ko sau ɗaya ba. Ta yaya zan ɗaure shi, ga baki goma sha ɗaya, ga shi na san kwanakinsa ƙidayayyu ne? Kowace fita sai in ce wannan dai, ta gaba na bar shi. Rani biyu karnukan nan ba su koyi karatun barewa ba. Karatun Tozali sunka koya.

Aikin Sabon Gida ne ya gama da ni. Farkon rani na uku, mutanen wata fadama can sunka aiko, gyado ya hana su dankali, sun haɗa dammuna masu auki. Wata ƙa'idar Baba Arzika ke nan: karen barewa ba ya zuwa gyado. Amma karnukan ba su fita in babu Tozali, sai su tsaya suna waige. Na tafi da shi, na ce zan riƙe shi a igiya. Munka tad da gyadon cikin kara, ƙato, haurensa kamar lauje. Ya ruga ya shiga rami da baya, yadda suke yi, ya bar kai waje. Aikin huɗun nan ne su ja hankalinsa ta gefe har in samu wurin sara. Sunka tsaya cirko-cirko suna kallon Tozali. Shi kuwa ya ga ba wanda ya motsa, ya fizge igiyar daga hannuna ya shiga ta gaba. Sau ɗaya gyadon ya ɗaga kai. Ya tsarge shi daga cinya har gwiwa, jijiya ta tsinke.

Na kashe gyadon. Na ɗinke ƙafar da zaren jijiya, na sa toka da man shanu, na ɗauko shi bisa kafaɗa har gida. Ya warke, amma ƙafar ba ta sake taɓa ƙasa ba. Bai mutu ba, kada ku zaci irin labarin nan ne. Shekara huɗu ya yi kwance gindin rumbu yana shan hura, in ya ji ganga ya tashi da ƙafa uku ya kai bakin ƙofa ya dawo. Sauran huɗun na fita da su ranin nan duka. Sun koma abin da suke kafin ya zo, sai dai yanzu sun girma, ba su koyuwa.

Na ce ba komi, haihuwa uku ta kusa cika, hannuna zai dawo. Da shekara ta huɗu ta kama na ɗauki taba da goro na nufi zangon Agali. Ya karɓe ni, ya sa anka kawo nono, munka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na ce na zo ganin karya. Ya nuna mini wani tudu da sanda, ya ce ta mutu tun damina, tsufa. Na ce to 'yarta fa? Ya dube ni ya ce, "Wace ɗiya? Macen kirki ɗaya ta haifa cikin shekarun ga, mutuminka ya ɗauke ta tun haihuwar farko. Na so in riƙe ta, amma hannun farko hannun farko na, ubana ya yi alkawari. Ku ba ku taɓa ɗaukar mace ba, shi ya sa irin ya zauna nan. Da ka zo ka tambaye ni kafin ka bayar, da na gaya maka." Ya gyara rawaninsa ya ce, "Ba a gaya mini ba ma. A bakin rijiya na ji."

Ashe Ɗan Baro ba karnuka uku ya saya ba. Gidan Agali ya saya gaba ɗaya. Zaɓensa na biyu ciwo ya kashe shi yana wata biyar. Na uku ya tashi ɓarawon kaji, ya ba wani Bafillace. Lissafin Baba Arzika ya fita daidai, cikin uku ɗaya ta yi. Amma ɗayar mace ce. Ita ta zama karyar gaba da ba a taɓa ganin irinta ba a ƙasar nan, kuma duk shekara tana zuba masa 'ya'ya, shi ke da hannun farko da na biyu da na ƙarshe.

Na je wurinsa, me zan yi. Lokacin Baba Arzika ya rasu. Karyar Ɗan Baro ta haifi shida. Ɗan Baro ya yi mini tarba ta mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Sarkin Dawa, da ka aiko ai da na kawo maka har gida. Sai dai biyu nawa na, ɗaya na sarki, ɗaya na surukina, ɗaya na yi wa wani alkawari tun bara." Ya ɗago na shidan ta ƙeya, kwikwiyon ya tsala kuka. Na buɗe bakinsa, dasashi fari fat. Na sa shi cikin burgami na yi godiya. Zomo ya kama mini har ya mutu, bai taɓa ganin kunnen barewa ba.

Daga nan abin bai sake tashi ba. Shekarun yaƙin Nasara sunka zo, gardi na kwasar hatsi da dabbobi da samari, ba mai sallamar mafarauci da dami. Gonaki sunka ci dabagi, barewa ta ja arewa inda sai mai karnukan kirki ke bin ta. A babbar farauta makaɗan da ke bina sunka koma bayan Ɗan Baro. Har yau ana ce mini Sarkin Dawa, gorar na nan jingine a ɗaki. Igiya nike tufka ina kai wa kasuwar Buza.

To Isuhu, ga amsar da ba ka tsaya ka ji ba. Ba zan ce maka kada ka yi ba, don na san abin da karen gaba ke yi, kuma kai da kake tambayar nan kana cikin baki goma sha ɗayan da Tozali ya ciyar, kana bayan uwarka lokacin. In gidanka na cikin yunwar da gobe ba ta da amfani, ba da ukun ka karɓi ɗaya, ka san rani biyu ka saya, uku in ka yi sa'a, kuma rami ɗaya ya isa ya ƙwace su. In ba ka cikinta, kana son makaɗa su kira sunanka ne kawai, to zauna ka ciri ƙarangiya shekara biyu. Ka buɗe bakin karen Keita ka duba haƙora. Ka tambayi kanka ko za ka iya ɗaure shi a gida ranar da tukunya ba komi. Ni ban iya ba, kuma na fi ka sanin aikin.

Jiya da la'asar na bi ta bayan gidanku na leƙa 'yan kwikwiyon. Biyu maza, ba su dame ni ba. Ta ukun mace ce, ja, dasashinta baƙi, na ɗaga ta ba ta yi kuka ba. Na ce wa uwarka in ka dawo ta ce maka ka ba da mazan, ka ƙara da akuya in ya so, ka riƙe macen. Ta ce ai mutumin Keita ya aiko tun da safe, ya ce in babu jar to babu magana, kai kuma ka riga ka tafa masa hannu.